Daren da Firjinmu Ya Yi Shiru

Ranar 26 ga wata firjinmu ya mutu. Ban manta ranar ba, domin duk ɗan albashi ya san abin da 26 ga wata take nufi: na wancan watan ya ƙare, na wannan bai shigo ba. A shekarar 2016 ne. Wajen ƙarfe biyu na dare na farka, na rasa abin da ya tashe ni, sai can na gane ashe shiru ne. Watanni ke nan firjin yana gurnani dare da rana ba hutu, har kunnuwanmu suka saba da shi. A daren nan sai ya yi tsit. Ga wuta, ga fanka tana juyawa, amma shi ko motsi.

Da abinci ne kaɗai a ciki da na juya na ci gaba da barcina. To amma a lokacin Inna, mahaifiyata, tana wurinmu, kuma tana fama da ciwon sukari. Allurarta ta insulin a cikin firjin take. Likita ya ja mana kunne tun farko cewa wadda ba a fara amfani da ita ba dole ta zauna a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ta daskare, kada kuma ta sha zafi. Ko mako ɗaya ba a yi ba da na sayo mata ta wata biyu.

Na tashi matata. Maimakon in ce mata ga abin da ya faru, me za mu yi, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne: "Wai ni kam ina kuɗin gidan nan suke tafiya?" A baki tambaya ce, a zuciya kuwa tuhuma ce, kuma ta gane. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Baban yara, bari mu fara samun inda za a ajiye maganin Inna. Maganar kuɗi tana nan, ba inda za ta je."

Da asuba ita ce ta naɗe maganin a tsumma mai sanyi ta kai gidan maƙwabta. Ni kunya ta hana ni.

Ya kamata in faɗi irin zaman da muke yi a lokacin, don kada a ɗauka talauci ne ya yi mana katutu. Ina da aiki, albashina yana shigowa, matata kuma tana ɗinki a gida tana samun na kashewa. Yaranmu uku. Akwai waɗanda muke aiki tare, albashinmu ɗaya, iyalinsu ya fi nawa yawa, amma ban taɓa jin sun je neman rance ba. Ni kuwa daga 20 ga wata hannu baka hannu ƙwarya muke. Idan aka tambaye ni dalili, amsata a shirye take: tsadar rayuwa, da kuma tsautsayi. Kowane wata sai wani abu ya lalace. Na yarda har cikin raina cewa ni mutum ne mara sa'ar kaya.

Mai gyaran da ya zo dattijo ne, mai magana a hankali. Bai ma buɗe jakar kayan aikinsa ba, ya ce in kama masa mu janye firjin daga jikin bango. Mun manne shi da bangon ne tun ranar da aka kawo shi, don ɗakin girkin ba shi da faɗi, kuma 'yar kafar da ta rage mun cusa mata kwalaye da tsofaffin ledoji. Da muka janye, sai ga baƙaƙen bututun nan na baya sun lulluɓe da ƙura da yanar gizo-gizo, kai ka ce bargo aka rufa musu. Ya sa yatsa ya ja, ƙurar ta taso dunƙule guda. Ya nuna mini.

"Malam, yaushe rabon da a share nan?"

Na ce, "Dama ana sharewa?"

Ya yi dariya har da girgiza kai. Sannan ya yi mini bayanin da na yi shekara biyar da firji ban sani ba. Ya ce firji ba ƙera sanyi yake yi ba, zafin ciki yake kwashewa ya fitar da shi waje, kuma ta waɗannan bututun na baya yake fitarwa. In ƙura ta rufe su, kuma ba iskar da ke ratsawa, zafin ba shi da inda zai je, sai injin da ke ƙasa, wato kwamfireso, ya yi ta aiki ba tsayawa. Gurnanin da muke ji ke nan. Daga nan ya karɓi takarda a hannun ɗana, ya sa a bakin ƙofar firjin ya rufe, ya ja. Takardar ta zame salin alin, ba abin da ya riƙe ta. Ya ce robar ƙofar ta saki, sanyi yana fita, zafi yana shiga, ga shi kuma bayan a toshe. Injin ya ƙone ne don gajiya.

"Firjin nan ya fi wata shida yana kiranku," in ji shi. "Ba ku amsa ba."

Kuɗin sabon kwamfireso da na aiki ya kusa kashi ɗaya bisa uku na albashina. Robar ƙofar kuwa, da tun farko aka canza ta, ba ta kai abin da nake kashewa a katin waya a mako guda ba. Sharar bayan kuma kyauta ce.

Ba ni da kuɗin, don haka na nufi wurin yayana. Ya saurare ni har na gama, ya tashi ya ɗauko ya ƙirga ya miƙo mini, amma bai saki ba. Ya ce, "Wannan zuwa na huɗu ke nan a bana. Na farko babur, na biyu rufin ɗaki, na uku na manta ma. Kowane zuwa ka ce tsautsayi. Shi tsautsayin nan bai san gidan kowa ba sai naka?" Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, wallahi abubuwan ne." Ya ce, "Ba gori nake maka ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Sannan ya saki kuɗin. Na fito raina a ɓace, ina cewa a zuci don yana da shi ne.

A daren ranar, bayan yara sun kwanta, matata ta buɗe akwatinta ta zaro wani tsohon littafin rubutu na makaranta, irin wanda yaro ya cika rabi ya bari. Ta ajiye a gabana ta ce, "Jiya ka yi tambaya. Ga amsar."

Ashe wata takwas ke nan tana rubutawa. Ta fara ne tun wata rana da na jefa mata magana a kan cefane, na manta na ma yi, ita ba ta manta ba. Kowane shafi ta ja masa layi huɗu: rana, abin da aka saya, nawa, da wanda ya saya. Na fara duba nata, ina neman inda zan kama ta. Ban samu ba. Kuɗin cefane kusan a tsaye yake daga wata zuwa wata, ɗan hawan da yake yi na kasuwa ne. Sai na koma kan layukan da aka rubuta "Baban yara" a gefe. Abin da ta ga na shigo da shi gida ne kawai ta rubuta, ban da wanda ya ƙare a waje.

Cajar waya, sau 7 a wata takwas. Dutsen guga, 2. Kan famfo, 3, kuma famfo ɗaya ne. Fankar ɗakin yara an kai ta naɗi sau biyu. Babur ya je wurin makanike sau 5. Ƙwan fitila ban iya ƙirgawa ba. Takalman makaranta, kowane yaro ƙafa biyu a zango biyu. Na ɗauko biro na tara. Abin da ya fito ya kusa albashina na wata ɗaya da rabi. Na sake tarawa ko na yi kuskure, haka ya sake fitowa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin jerin nan kaf babu sabon abu ko ɗaya da ya shigo gidan. Duk abubuwan da muka riga muka mallaka ne, nake sake sayensu. Wata takwas ina biyan kuɗi don kawai gidan ya tsaya a inda yake.

Ba ta ce mini komai ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Maman yara, ki yafe mini." Ta ce, "Ni ba don in kama ka na rubuta ba. Don in wanke kaina ne." Wannan maganar har yau in na tuna sai na ji nauyinta.

Daga baya na ci karo da labarin wata 'yar jarida a Japan, Hani Motoko, wadda a shekarar 1904 ta fito da littafin lissafin gida don matan aure, wanda suke kira kakeibo, kuma har yanzu ana amfani da shi a can. Na karanta wa matata, ta ce ita dai ba ta san wata Hani ba, haushi ne ya koya mata.

Na shiga kasafin kuɗi da zafina, irin na sabon tuba. Na bincika intanet na samo tsarin da ake yawan ambata, na 50 da 30 da 20, wanda Elizabeth Warren, wadda daga baya ta zama sanata a Amurka, ita da 'yarta suka yaɗa a 2005: kashi 50 cikin 100 na abin da kake samu ga buƙatun dole, 30 ga abin da rai ke so, 20 ga tanadi da biyan bashi. A takarda tsaf yake. Da na ɗora shi a kan gidana sai ya ƙi zama. Haya da abinci da kuɗin makaranta da maganin Inna kaɗai sun haura kashi 70. Na yi ta matsawa ina ragewa a rubuce, amma ciki ba ya karanta takarda. Sai daga baya na gane ba laifina ba ne, ba kuma laifin tsarin ba. Tun 1857 wani Bajamushe masanin ƙididdiga, Ernst Engel, ya nazarci kasafin gidajen ma'aikata, ya nuna cewa gwargwadon ƙarancin abin da gida yake samu, gwargwadon girman kason da abinci yake cinyewa. Rigar wani ce na ara, ba a jikina aka auna ta ba. Muka ajiye ta, muka yanka tamu daga abin da littafin ya nuna muna kashewa da gaske.

Muka koma tsarin ambulan. Ranar da albashi ya shigo, mu zauna mu biyu, mu haɗa da abin da ɗinki ya kawo, mu rarraba: haya, cefane, makaranta, magani, wuta da ruwa, man babur, bashin Yaya. Kowanne da ambulan ɗinsa da sunansa a baya. Amfaninsa ɗaya ne, amma babba: kuɗin da ke dunƙule a aljihu ko a asusun banki kullum gani kake da saura, wanda ke cikin ambulan kuwa kana ganin ƙasansa.

Wata uku muka yi, sau uku tsarin ya rushe. Watan farko sarƙar babur ta tsinke ta haɗa da haƙoran baya. Na biyu wayata ta daina riƙe caji. Na uku keken ɗinkin matata ya tsaya, ga ɗinkin mutane a hannu. Kowane karo sai mu zari na haya mu toshe, mu zari na makaranta mu mayar wa haya, kafin wata ya ƙare duk ambulan ɗin sun zama ɗaya. Na kusa cewa a bar abin, tsautsayi ba ya shiga lissafi.

Ita ce ta ce in sake duba shafukan da kyau. Ta ce, "Wanne ne a cikin waɗannan ya zo ba sallama?" Na duba. Sarƙar ta yi wata biyu tana ƙara, ina ji, ina cewa sai an yi albashi. Batirin wayar ya daɗe da kumbura. Keken ɗinkin rabonsa da mai tun kafin a haifi autarmu, kuma a wannan ita ma ta yarda da nata laifin. Babu ko ɗaya da ya zo ba sallama. Abin da na yi shekaru ina kira tsautsayi, yawancinsa sakaci ne mai ranar zuwa.

A nan ne abin ya juya. Wata Asabar muka bi gidan ɗaki-ɗaki da littafi, muka rubuta duk wani abu da in ya lalace dole a gyara ko a sake saye: firji, fankoki uku, dutsen guga, keken ɗinki, babur, wayoyi biyu, katifu, murhu, har da makullan ƙofa. Kowanne muka rubuta shekarar da aka saye shi, da shekarun da muke zaton zai ƙara, da kuɗin sabonsa. Sai mu raba kuɗin da yawan watannin da suka rage masa. Abin da ya fito shi ne abin da kayan nan yake ci a kowane wata, ko mun biya ko ba mu biya ba. Masu lissafin kamfanoni sun daɗe suna yi wa injina da motoci haka, ni ne dai ban taɓa tunanin dutsen guga ma yana da irin wannan lissafin ba. Jimillar ta ba ni tsoro, ba mu iya ware ta duka ba, muka fara da rabi. Muka buɗe sabon ambulan, matata ta rubuta a bayansa: "Albashin kaya." Ta ce tunda suna mana aiki, su ma ma'aikata ne.

Sannan muka sa wa Asabar ta farkon kowane wata suna ranar duba kaya. Ba wani aiki ne mai yawa ba, awa biyu ya ishe mu. A kashe firji a janye shi, a share bayansa da burushi mai laushi, a wanke robar ƙofa da ruwan sabulu, a yi gwajin takardar dattijon nan. A goge fikafikan fanka, domin ƙurar da ke taruwa a kansu tana sa ta rawa tana cin ƙarfen da take juyawa a kai. A cire zare da ƙurar yadi daga ƙarƙashin allurar keke, a ɗiga masa mansa, ɗigo ɗaya a kowace mahaɗa. A juya katifa, kai ya koma ƙafa, don kada gefe ɗaya ya lotsa.

Babur shi ya fi ba ni kunya, don ni ke hawansa kullum. Littafin da aka ba ni tare da shi yana nan cikin ledarsa, ban taɓa buɗewa ba. A ciki an rubuta bayan tafiyar kilomita nawa ake juye baƙin mai, da yawan iskar da kowace taya take so, da yadda ake gane sarƙa ta yi sako-sako. Da sai mai ya zama kamar kwalta nake juyewa. Tayar da ba ta da isasshiyar iska kuwa gefenta ke cinyewa da wuri, kuma tana sa injin shan mai fiye da kima. Tun da na fara auna iska duk mako ina kuma sa wa sarƙa mai, zuwana wurin makanike ya koma na juye mai da ɗaure birki. Har ya taɓa tambayata ko na canza wurin gyara ne.

Famfon nan da na canza wa kai sau uku, ashe kan lafiyarsa lau. Wata 'yar roba ce a ciki, ba ta fi girman maɓallin riga ba, ita ke cinyewa saboda yadda muke murɗe shi da ƙarfi. Kafin in gyara, na kafa bokiti a ƙarƙashinsa da daddare don in gani da idona. Da safe ya kusa rabi. Daƙiƙa 86,400 ce a kwana guda, famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa kuwa ba ya barci ba ya hutun ƙarshen mako.

Caja bakwai kuma sirrinsu biyu ne. Na farko, mafi araha nake saye a bakin hanya, kuma araha ba ta ado. Na biyu, ta igiya muke fizge su daga soket, muna kuma danna waya tana caji har wuyan igiyar ya karye. Na sayi ɗaya mai kyau, na hana fizga, ta yi shekara uku. Na kuma koyi cewa batirin waya irin na litiyom babu abin da ya tsana kamar zafi: barinta a rana, ko cusa ta ƙarƙashin matashi tana caji. Barinta ta mutu murus kullum kafin a jona ma yana cutar da shi. Ƙwayayen fitila ma a hankali muka mayar da su LED, waɗanda wutar da suke ci ba ta wuce kashi ɗaya bisa huɗu na tsofaffin masu zare ba, ga kuma daɗewa.

Ba na so in ɗora wa mai gida laifin komai, don ba gaskiya ba ne. Akwai kayan da tun daga masana'anta ba a yi su don su daɗe ba. A 1924 manyan kamfanonin ƙera ƙwan fitila na duniya, cikinsu har da Osram da Philips, sun haɗu a Geneva suka ƙulla yarjejeniyar cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, har da tara ga wanda nasa ya zarce. Yau ma sai ka sayi abu ka tarar an manne shi da gam ta yadda ba mai iya buɗewa ya canza batir. Shi ya sa na ji daɗi da na ga tun 2021 Faransa ta wajabta a riƙa manna wa wasu kayan lantarki maki daga cikin 10, mai nuna sauƙin gyaransu. Ni ba ni da wannan makin, sai na ƙirƙiro nawa. Kafin in sayi abu, mai gyara nake fara tambaya, ba mai sayarwa ba: wanne ne ba ya yawan zuwa wurinka, kuma in ya zo ana samun kayan gyaransa?

Akwai wani ɓangare na labarin da ba na jin daɗin faɗa. Da na ga abin yana aiki, sai na wuce gona da iri. Na zama ɗan sandan gida. In yaro ya bar fitila a kunne, wa'azi. In fensir ya ɓata, bincike. Na fara tambayar matata lissafin allura da zare. Rannan na ga babbar 'yata tana ɗingishi a hanyar dawowa daga makaranta. Na duba, ashe igiyar takalminta ta tsinke tun mako biyu, ta soke ta da fil tana lallaɓawa, fil ɗin har ya ji mata ciwo a yatsa. Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Baba, kada ka rubuta ni a littafi."

Da dare uwarta ta ce, "Baban yara, da can kuɗi ne ke ɓacewa a gidan nan. Yanzu dariya ce." Ban yi musu ba. Ni da na fara abin nan don kada kaya su riƙa kira ba a amsawa, na wayi gari 'yata tana tsoron kirana. Muka ƙara ambulan biyu ƙanana, ɗaya na matata ɗaya nawa, da sharaɗin ba mai tambayar wani inda ya kai nasa. Muka ƙara na uku don taimakon 'yan uwa da mabuƙata, domin na lura har hannuna ya fara ƙanƙancewa a nan ma, ni da Yaya ya ɗauke ni sau huɗu a shekara guda. Muka kuma goge layin nan na huɗu, na wanda ya saya. Ya gama aikinsa. Yara kuma aka ce duk wanda ya fara kawo rahoton abin da ya soma lalacewa, shi ke da zaɓin wasan da za a yi a daren Asabar. Sai ga rahoto yana zuwa har da na abin da lafiyarsa ƙalau.

Bashin Yaya mun gama biya a ƙarshen 2017. Ranar da na kai masa cikon, ya ce in bar shi. Na ce, "A'a Yaya, an riga an rubuta."

A 2020, da annobar korona ta rufe duniya, wurin aikinmu ya mayar da mu rabin albashi har wata huɗu, ɗinki kuma ya tsaya cak. Ba zan ce ba mu ji jiki ba. Mun cinye tanadin da muka yi, muka shiga ambulan ɗin kaya muka ci fiye da rabinsa, muna rubutawa a matsayin bashin da kayan gida suke binmu. Amma a watannin nan huɗu ba abin da ya lalace, kuma ban ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Maganin Inna bai yanke ba ko sau ɗaya. Ita da ba ta taɓa sa baki a lissafinmu ba, wata rana tana kallonmu muna ƙirga abin da ya rage, sai ta ce, "Haka Annabi Yusuf ya yi, shekarun ƙoshi suka ciyar da na yunwa." A shekarar da ta biyo baya Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta da rahama.

Firjin ya kai 2023. Wannan karon bai mutu da dare ba, sanyinsa ne ya riƙa raguwa, muka lura tun a makon farko. Dattijon nan ya zo, ya ƙara tsufa, yanzu wani yaro ke riƙe masa jaka. Ya duba ya ce bututun cikin jikinsa ne ya huje, gas yana zurarewa ta inda hannu ba ya kaiwa. Ya ce zai iya cika masa gas ya karɓi kuɗina, bayan wata biyu in sake kiransa, amma ba zai yi mini haka ba. Dama mun sa wa kanmu doka: tsohon abu in gyaransa ya haura rabin kuɗin sabo, a sallame shi.

Muka zazzage ambulan. Bai kai ba. Mun yi lissafi da kuɗin firji na shekarun baya, kasuwa kuwa ba ta tsaya jiranmu ba, sai da muka rasa kusan kashi ɗaya bisa biyar. Tun daga nan kowane farkon shekara muke sake tambayar kuɗin kaya mu gyara lissafin. Wata biyu muka yi ba firji, muna cefanen abin da za a ci a yini, har cikon ya taru.

Ranar da aka kawo sabon, masu dakon suka tura shi har jikin bango, kamar yadda aka saba. Kafin in yi magana, 'yata, mai takalmin nan, ta ce, "Don Allah ku ɗan janyo shi." Ta sa tafin hannunta tsakanin firjin da bango ta auna, ta ce su ƙara kaɗan. Sannan ta je ta ɗauko littafin, na tara ke nan tun daga na uwarta, ta buɗe sabon shafi ta rubuta kwanan wata.